Ruwan Da Ba A Zuba Maka Ba

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da ladabi irin na ƙanwa ga wanta, ina fatan takardar nan za ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mutanen da kuke cin tuwo ƙwarya ɗaya. Inna tana gaishe ka. Gwaggo ta Madawa ma ta ce in sa gaisuwarta. Mu nan lafiya lau, alhamdu lillahi. Gero ya yi kyau bana, har gonar nan ta gindin dutse da kake cewa ba ta da kunya, ta ba da abin kirki. An gama yanka, ana ta ɗaurin dami.

Za ka ga ban rubuta sunan garin da kake ba. Da gangan ne. Sunanka ma na ajiye shi sai can ƙarshe. Takardar nan biyu na yi ta. Ɗaya za ta zo maka ta hannun mai jakunan nan da ka sani. Ɗayar kuwa ni da bakina zan karanta ta ran Juma'a bayan la'asar a bakin rijiyar dandali, gaban samari da ƴan mata da duk wanda ya ga dama ya tsaya. Na san dariya za ka yi. Ramatun da ko sannu za ta ce wa baƙo sai ta cusa bakin zane a baki. To, ni ce dai.

Bawan Allahn da zai karanta maka ya yi haƙuri da rubutuna. Baƙaƙen lakwal, makarantar boko, na aro na rubuta maganarmu da su, kamar yadda mushe, malaminmu na lakwal, ya nuna mini. Ka roƙe shi ya bi a hankali. Mai jakuna ya ce zai iso gare ka kafin Juma'a. In ya iso da wuri, ku karanta farkon, ƙarshen kuwa ku bar shi sai ran Juma'ar bayan la'asar. Kuma ku ajiye ƙwaryar ruwa kusa da ku. Za ka ji amfaninta.

Ga abin da ya sa na rubuto. Baturen nan mai injin ɗaukar hoto mai motsi, wanda ya ɗauki wasanmu na kaka bara, zai dawo. Tafintan bariki ya zo har garinmu ya faɗa. So yake a sake wasan, kuma Gardin bara yake so, mai tabo a kunci, ba wani ba. Neman ka ake yi, Yaya.

Mai karanta maka wataƙila ba ɗan Adar ba ne, bari in faɗi yadda wasan yake domin shi ma ya gane. Kai kuma ka yi haƙuri ka saurari abin da ka fi ni sani.

In an shigar da gero rumbu, samari sukan gina bariki na kara a dandali. Kowa da abin da yake zama. Isa Ja shi ne kumandan, Baturen mulki, kullum, don fatarsa ta fi ta kowa haske. A shafe masa fuska da farar ƙasa, a ɗora masa tabarau na kara, ya yi ta zazzaga Faransancin da ko shi bai san me yake cewa ba. Tsito shi ne ɓarawon kaji tun yana da ƙuruciya, don ƙafarsa ba nauyi. Kai kuwa gardi, dogarin bariki mai jar hula da bulala, wanda yake kora mutane aikin dole. Bulalar ta rama ce, ƙara gare ta, ba zafi. Kana kaɗa ta mutane suna faɗuwa suna birgima, ƴan kallo suna dariya har da hawaye, har da dattawan da suka ɗauki dutse a kai lokacin aikin hanyar Tawa. Baba Nomau, wanda ya riƙe hular nan shekara da shekaru kafin kai, yakan ce: “Abin da ya sa ka kuka, in ka ishe shi dandali ka yi mashi dariya, ƙarhinai ya ragu.”

Amma wasan bai ƙarewa sai an yi wanki. Kafin rana ta faɗi ƴan mata su fito da muciyoyi su kori gardi har bakin rijiya. Sarkin samari ya cire masa hula. Ƙanwarsa ta zuba masa ƙwaryar ruwa a kai, ta kira sunansa na yanka da na ubansa, gari duka ya amsa: “Shi na, namu na.” Daga nan gardi ya mutu, mutum ya tashi. Kumandan shi ke wanke fuskarsa da kansa, ɓarawon kaji ba mai kula shi. Gardi kaɗai ake yi wa wanki, domin shi kaɗai ne ya taɓa wurin da bai warke ba.

Tun da na iya ɗaukar ƙwarya ba ta zube ba, ni nake zuba maka. Shi ne kaɗai lokacin da ake jin muryata a dandali, shekara guda.

Ka tuna yadda aka yi hular ta zama taka? Ba ka nema ba. Baba Nomau ya ce gwiwarsa ta gaji, Bawa sarkin samari ya duba cikin abokansa, ya ga ka fi kowa tsawo, ga murya, ga tabo daga gefen ido har haɓa. Shi ke nan. Ba wanda ya tuna cewa tabon nan daga kan aduwa ka faɗo, kana tsinko mini ƴaƴanta don na yi ta kuka. Ba wanda ya tuna cewa in za a yanka kaza a gidanmu sai an kira maƙwabci, kai ka zagaya bayan rumbu ka toshe kunne.

Ka tuna shekarar da ka roƙi Bawa ya ba ka ango? Akwai ɗan wasan da ake yi kafin na bariki, na saurayi mai zuwa zance. Shekarar nan Hajo ce budurwar. Ka aro rigar kawu, ka sa turare, ka kwana biyu kana gwada maganar a gona kana tsammani ba mai ji. Ina bayan kalgo ina jinka. Maganar ta yi daɗi, Yaya, ban taɓa faɗa maka ba. Amma kana shigowa fili, tun ba ka buɗe baki ba, wani ya ɗaga murya ya tambayi Gardi ina ya baro bulala. Dariya ta tashi. Ka durƙusa gaban Hajo, aka ce kama ta ka zo yi. Ka yi magana mai taushi, aka ce dabara ce ta ƴan bariki. Ba wanda ya ji ko kalma ɗaya. Ka miƙe ka yi dariya tare da su, ka je ka ɗauko jar hula. Bawa ya dafa ka ya ce kowa da kiwon da ya karɓe shi.

Ni ban yi dariya ba. Hajo ma ba ta yi ba. Na gani.

Duk da haka da wankin nan komai yakan wuce. Washegari kai ne mai sarewa, mai gyara wa tsofaffi danga. Sai bara.

Bara Baturen ya zo da kamyo, babbar motar kaya, da injinsa mai ƙafa uku. Gari ya ji daɗi, ba zan ɓoye ba, ni ma na ji. Aka fara wasa kamar kullum. Sai ya ɗaga hannu ya tsayar. Tafinta ya ce bulalar rama ba ta fitowa da kyau a hoto, aka karɓo ta fata daga hannun gardin gaske da ya rako su, aka danƙa maka. Na ga yadda ka riƙe ta, kamar an ba ka maciji. Aka ce ka daina murmushi. Aka ce ƴan kallo su matsa baya kada su shiga hoto. Ka ɗaga bulala ka daki ƙasa kusa da Tsito, ya faɗi ya yi birgima. Aka ce a sake. Aka sake. Aka ce ka haɗa gira, ka juyo da tabon wajen injin. Aka sake.

Ni ina gefe da ƙwaryata tun azahar, hannuna har ya sage. Ƴan mata da muciyoyinsu sun gaji sun zauna. Da na ga rana ta taɓa kan dutse na ce wa zuciyata lokaci ya yi, na shiga fili. Tafinta ya daka mini tsawa ya ture ni gefe, wai na ɓata hoto. Ruwan ya zube a ƙafafuna.

Kafin in sake jawo wani an kira magariba. Bature ya rufe injinsa ya ce haske ya tafi. Mutane suka watse alwala. Baba Nomau kaɗai ya tsaya yana buga sandarsa a ƙasa: “Ku wanke yaron ga ko da duhu.” Bawa ya ce gobe da safe. Da safe gari duka ya tafi rakiyar kamyo. Jibi kasuwa. Daga nan aka shiga fadama dashen albasa. Kai kuma ba mai roƙon abu ba ne. Na yi maka magana sau ɗaya, ka ce ruwa ne kawai, ka yi wanka da safe ai.

Ba ruwa ne kawai ba. Yanzu kai ma ka sani.

Da aka ce za a nuna silima a kasuwar Madawa, ina gidan Gwaggo saboda lakwal, muka tafi bayan magariba. Kai ba ka zo ba, kana fadama, gara da ba ka zo ba. Aka rataya farin ƙyalle a bango. Aka nuna raƙuma, aka nuna mata suna daka. Sai ga ka. Fuskarka ta kai ƙofar rumbu girma. Ba murya, ba ganga, ba dariya. Barikin kara ma bai fito ba, an yanke shi. Kai kaɗai, da hula, da tabo, da bulalar fata, da mutum a ƙasa yana birgima.

Mutanen garinmu da ke wurin suka fara dariya suna nuna ka. Sai dariyar ta yi ta raguwa, don sun lura su kaɗai ke yi. Ƴan ƙauyukan da suka kwana kasuwa shiru suka yi. Wata mata a bayana, ban san ta ba, tana goye da yaro, ta yi ta cewa Allah ya isa a hankali, kamar mai jan tasbaha. Na so in juya in ce mata wana ne, wasa ne, ko kaza bai iya yankawa. Bakina ya ƙi buɗuwa. Na yi ta jiran muciyoyi su fito a ƙyallen, na yi ta jiran rijiya. Hoton ya ƙare kana riƙe da bulala a sama.

Daga nan kamyon masu silima ya wuce Buza, ya wuce Keita. An ce har Tabotaki an kafa ƙyallen. Ko'ina ka riga kanka isa.

Abin da ya faru a kasuwar Sabon Gida ban gani da idona ba, kuma ba ka faɗa mana ba. Rigar na gani, ni na ɗinke ta. Bawa ne ya ba da labari daga baya. Wai kana auna wake, wani dattijo mutumin Urno ya tsaya yana kallon ka, can ya cafke wuyan rigarka ya ce ya gane tabon. Ɗansa ya tafi aikin hanya bai komo ba. Ya ce an ce an daina aikin dole, ashe masu bulala sun cire hula ne kawai sun shiga kasuwa. Ya tofa maka yawu. Mutane suka taru, waken ya watse, wasu suna cewa ai su ma sun gan ka a Madawa. Bawa ya yi ta rantsuwa cewa wasa ne, dattijon ya ce shi ya ga bulalar da idonsa, ta fata ce, ya san irinta. Kai kuwa ba ka ɗaga hannu ba. Da ka ɗaga, da ka gaskata shi.

Ban taɓa jin haushin dattijon nan ba, Yaya. Abin da aka nuna masa ya gani.

A gida ma sai abin ya canza. Da can kwana ɗaya ake ce maka Gardi, yanzu ya zama kullum. Yara su gan ka su ruga suna dariya. Mata a rijiya su ce a matsa ga hukuma. Da wasa ake yi, amma wasan da ba shi da ranar ƙarewa ya daina zama wasa. Baban Hajo, mutumin da ya san ka tun kana tsirara, ya ce maganar ku a dakata tukuna sai ƙura ta lafa, don danginsu na Urno suna da yawa. Kafin ruwan fari ka rataya hular a turken ɗakinka ka fita. Tana nan inda ka bar ta. Inna ba ta taɓa ta, sharar ɗakin ma zagaye ta take yi.

Ka san littattafan nan da Madam matar mushe take ara mini, waɗanda kake tsokanata da su kana cewa wata rana zan auri takarda. Har yanzu ina karantawa, a bayan rumbu, in na gama daka. Da can abin da ya fi burge ni shi ne tun shafin farko nakan gane kowa. Wanda aka ce idonsa da taushi shi za a so. Wanda aka ce yana da tabo, ko muryarsa da kauri, na san shi ne zai raba masoya. Har alfahari nake yi ban taɓa kuskure ba. Watan jiya Madam ta ba ni wani, sai ga mai tabo ya shigo a shafi na biyu. Na rufe littafin. Na zauna ina tunanin ko shi ma daga kan itace ya faɗo, ko shi ma yana da ƙanwa. Mai littafin bai faɗa ba. Ba ruwansa. Yana bukatar mugu, ya ga mai tabo, ya ɗauka.

Nakan kwanta in tsara nawa labarin a zuci. A ciki kai ne mai zuwa zance, da rigar kawu, kuma ba mai katse ka. Hajo tana zaune kan tabarma tana wasa da zobe, ka faɗi maganar nan ta gona tun daga farko har ƙarshe. Na haddace ta, in ka manta.

Bari in komo kan tafinta. Shekaranjiya ya sa aka kira ni da Inna ƙofar mai gari. An gaya masa ni ce mai rubutu a gidanmu, don haka in akwai wanda ya san inda kake, ni ce. Ya tambaya da Hausa, ya tambaya da Faransanci. Na kafa ido a kan yatsun ƙafata. Ya yi lallashi, ya yi tsawa, can ya gaji ya tambayi mai gari ko kurma aka sa lakwal. Kunyar nan da kuka yi ta yi mini faɗa a kai, ran nan ta yi mini rana.

Amma ya bar magana. Ya ce Baturen baƙon kumandan ne, kuma bara an ƙyale wasan ne don ya faranta wa baƙo rai. In bana ba a kawo Gardi ba, to bariki za ta zauna ta tambayi kanta, wai shin wannan wasan na shafa farar ƙasa da tabarau na kara, da wa ake yi. Ka san abin da wannan yake nufi ga Bawa da Isa Ja. Bawa ya rame a kwana biyu. Ya kawo samari dogaye ya jera, har ya ce za a zana wa ɗaya tabo da gawayi. Tafinta ya ce a'a, Bature ya ce fuskar nan aka sani. Wai a garuruwan da aka nuna hoton har tambaya ake yi ina mai tabo. Wai in ka yarda za a ɗinka maka kaki na gaske, a zagaya da kai wasu garuruwa a ɗauke ka kana korar wasu mutanen.

Wasu samari cewa suke arziki ne ya zo maka har gida kana gudu. Bawa bai ce haka ba. Ya zo ƙofar gidanmu ya tsaya ya kasa shiga, ya ce mini in na san hanyar aika, in ce ka taimake shi, bana kaɗai, kuma ya yi alkawari za a yi wankin. Abokinka ne, tsoro yake ji, kuma tsoronsa na gaskiya ne. Amma na san yadda za a yi. Ko an wanke ka a rijiyarmu, injin bai ɗaukar wanki. Za a sake rataya ka a bangon Madawa da Buza da Keita, bulala a sama, wannan karon da kaki.

Jiya na tafi wurin Baba Nomau. Na kai masa fura don in sami dalilin shiga. Na tambaye shi me wanki yake bukata. Ya ce abu uku: kan da za a zuba wa, ruwan da za a zuba, da muryar gari. Na tambaye shi ko tilas ne ukun nan su kasance wuri ɗaya. Sai ya ƙyalƙyale da dariya, ya ce: “Ɗiyar ga, tun kakanni ba a taɓa cewa tilas na ba. Ba dai wanda ya taɓa tambaya.” Ya ce ran Juma'a a ɗauke shi a kai shi bakin rijiya ko a kan jaki ne.

Hajo ta zo da yamma aron turminmu, turmin da suke da irinsa biyu. Na faɗa mata. Ba ta ce komai a kanka ba, ka san ta. Cewa ta yi za ta tsaya a bayana ta riƙe mini bakin zane kada in gudu, in kuma muryata ta maƙale za ta tsunkule ni inda ba zan manta ba. Da za ta fita ta manta turmin.

Sai Inna. Ka san tun da ta haife ka sunanka bai taɓa fita bakinta ba, kunyar ɗan fari. “Wancan” take ce maka, ko “mai ɗakin waje”. Ina karanta mata abin da na rubuta tana tsince wake, ba ta ɗago ba. Da na kai nan sai ta ajiye faifan. Ta ce: “Ni na ɓoye sunan don kunya, su kuma sun yar da shi don wasa. Ran nan ni ma sai na hwaɗe shi.”

Na fita bayan rumbu na yi kuka, Yaya.

To ga maganata. Kada ka zo kakar nan. Ko an aiko maka cewa Inna ba lafiya, kada ka yarda sai ka ga rubutuna. Ban san abin da bariki za ta yi ba. Wataƙila a hana wasan, wataƙila a kira Bawa, wataƙila ni za a sake kira, kuma wannan karon an ji muryata, ba zan iya zama kurma ba. Ina jin tsoro, ba zan yi maka ƙarya ba. Amma in na gama karatun zan miƙa wa Bawa hular a gaban kowa, ya kai wa tafinta ya ce ga abin da ya rage na Gardi, an wanke shi, gari shaida ne. Ba zai zama ƙarya ba. Ba kuma zai zama laifin Bawa shi kaɗai ba, tunda kowa ya amsa.

In dai sun amsa. Wannan ne ban sani ba. Mai yiwuwa su yi dariya kamar ranar rigar kawu. Mai yiwuwa su sunkuyar da kai don tsoron bariki. Abin da na tabbata, akwai tsoho ɗaya, da budurwa ɗaya, da uwa ɗaya. Baba Nomau ya ce gari daga bakin mutum ɗaya yake fara amsawa.

Ka zo da ruwan fari, lokacin da ba wasa, ba kamyo, kowa na duƙe yana shuka. Gonar gindin dutse ta fi ƙarfina ni da Inna. Sarewarka tana cikin tukunya, na naɗe ta da tsumma saboda gara.

Yanzu mun zo ƙarshen. In ba Juma'a ba ce, a tsaya nan.

In ita ce, kuma la'asar ta wuce, ka fita waje inda rana za ta gan ka. Ka cire abin da ke kanka. Ka durƙusa kamar yadda kake yi, don ka san in kana tsaye ba na kaiwa kanka. A daidai lokacin nan ina bakin rijiya da tawa ƙwaryar, zan zuba ta a ƙasa inda ka saba durƙusawa. Mai karanta maka ya ajiye takardar inda ba za ta jiƙe ba, ya ara mini hannunsa, ya ɗauki ƙwaryar ya zuba maka duka, kada ya rage. In ka rufe ido, hannuna ne.

Salihu. Salihu ɗan Alu. Salihu mai sarewa, wanda ya faɗo daga aduwa.

Ka ɗan saurara kafin ka tashi. Ka karkata kunne wajen gida.

Allah ya tsare ka inda kake, ya haɗa ka da masu kiran ka da sunanka. Allah ya sanyaya zuciyar dattijon Urno, ya jiƙan ɗansa. Allah ya kare Bawa da samarin garinmu daga abin da suke tsoro. Ni kuma ya riƙe mini muryata har in kai ƙarshen takardar nan ba ta karye ba. Ya nuna mana ruwan fari muna da rai, kai kana tafe ta hanyar fadama, kanka ba komai.

Ni ce ƙanwarka mai ƙwarya,
Ramatu